Kawuna da Gadar da Ba a Sa wa Hannu Ba

Na Allah muke, wurinsa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa na Sabon Gari, nan Maraɗi, bayan ciwon ƙafa da ya kwantar da shi tun kaka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, don a duniya dai ban ga ya huta ba.

Na yi zaman makoki raina a ɓace, kuma ba mutuwar ce ta ɓata mini rai ba, wannan kowa na jiran tasa. Maganganun masu gaisuwa ne. 'Yan kasuwar gyaɗa suka zo da manyan riguna suna cewa an yi rashin mai gaskiya, su da ko sallamarsa ba sa amsawa da kyau yana da rai. Ma'aikatan Tarabo, wato ma'aikatar hanyoyi da gine-gine inda ya ƙare ƙuruciyarsa, suka zo a jere, suka yi addu'a a tsaitsaye, suka ce ana jiransu a biro, wato ofis. Nasaran da ke shugabantar ma'aikatar ya aiko da masinja. Duk wannan na shanye. Sai wani saurayi, sabon akawu, ya durƙusa gabana cikin ladabi ya ce Allah ya jiƙan tsoho mai makullin sito. Wallahi ba da mugun nufi ya faɗa ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Na amsa da amin, amma sai da na tashi na zagaya bayan gida na tsaya. Da na shiga ciki na tarar da mahaifiyata ta haɗa kai da gwiwa, ba ta kuka, tana ta maimaita cewa ya tafi da abinsa a ciki. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada yaran yanzu su tashi da cewa kawuna mai gadin siminti ne.

Yana ƙarami aka kama shi aka kai lakwal, makarantar boko, lokacin da kowa ke ɓoye ɗansa a rumbu. Kansa ya ɗauki lissafi, aka tura shi Yamai, daga can aka wuce da shi yamma mai nisa ya koyi awo da zane da aikin siminti. Ya dawo da takarda. Takardar ta ba shi izinin ya auna ƙasa, ya zana pilan, ya tsaya kan ma'aikata tun safe har yamma. Abu ɗaya ta hana shi, sa hannu. Doka ta ce duk ginin siminti da ƙarfe da mutane za su bi ta kansa ko su zauna ƙarƙashinsa, ba a aza ko dutse ɗaya sai injiniya mai takardar Faransa ya sa hannu. Irin wannan injiniyan kuwa guda ne a duk gabas, yana zaune Damagaram, kuma Nasara ne. Ni direban babbar motar Tarabo ne, shi ya sama mini aikin, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi yawancinsa.

Kowa ya san maganarsa: "Hannuna bai kai ba." Da ita yake sallamar duk wanda ya zo neman ya tsara masa gini. Kuma mutum ne da ba ya zama a ɗaki sai ya ɗaga kai ya duba azara. Ko gidan suna aka je, kowa na neman tabarma, shi yana kallon rufi. Liman ya taɓa tsokanarsa cewa shi kaɗai ne ke shigowa masallaci ya fara gaida sama kafin ya gaida mutane. Bai yi dariya ba, ya ce wa liman azarar kusa da taga gara ta ci, a canza ta kafin damina.

Shekarar da gulbi ya cinye tsohon gari aka hau da mu tudu, kowa ya shiga gini. Mahaifina yana cikin samu a lokacin, gyaɗa ta karɓe shi, ya ƙudura sai ya ɗora bene a kan kantinsa. Ya ɗauka abu ne mai sauƙi, ga surukinsa a gida. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce hannunsa bai kai ba. Mahaifina ya ce ba hannu yake nema ba, kai yake nema, a zana masa kawai a ba magina. Kawu ya ce in ya zana, shi ya gina. Nan fa aka yi ta. Mahaifina ya tambaye shi to ilimin nasa na mene ne, na ado ne? Ya ce an kai shi har ƙarshen duniya an dawo da shi ya zama igiyar awon Nasara. Kawu ya ɗauki hularsa ya fita. Suka daɗe ba sa cin tuwo a akushi ɗaya, mahaifiyata tana tsakani tana shan wahala.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi, bai taɓa zagin dokar ba. Ni nakan zage ta tun daga Maraɗi har Damagaram, yana gefena a mota yana jina. In na gaji sai ya ce dokar daidai take. Duk wanda zai ɗora mutane a kan siminti, dole a san sunansa, don in abin ya rufta a san wuyan da za a kama. Ya ce ya ga rufin da ya faɗa kan mutane a wata ƙasa, aka rasa wanda za a tambaya, magini ya ce mai gida ne, mai gida ya ce ƙaddara ce. Shi abin da ke cinsa, an hana baƙar fata ko zama jarrabawar da ke ba mutum wannan izini. Na ce to ai shi ne zaluncin. Ya ce e, amma gyaransa a bar kowa ya zauna jarrabawar, dokar kuwa a bar ta yadda take. Haka muke yi kullum, ni ina tafasa, shi yana lissafi a bayan kwalin taba.

Kada a ɗauka busasshen mutum ne. Zamanin aikin dole, da ake yin hanyar Tibiri, akan kwaso Anna, wato maguzawa, daga ƙauyuka a tsakiyar noma, gero na neman hannu, a ce kowa sai ya cika rabonsa na yini kafin a sake shi. Kawu ke auna rabon. A nan kam igiyarsa takan gajarce. Kafin azahar sun gama sun koma gona, shi kuwa ya rubuta ƙasar wurin tauri gare ta. Wata tsohuwa daga cikinsu ba ta fasa kawo masa zakara duk kaka ba har ta mutu. Na taɓa tambayarsa ina dokar ta tafi a nan, ya ce babu wanda rufi zai faɗa wa don an rage wa talaka taki goma.

Bayan yaƙin duniya aka canza doka. Aka ce 'yan ƙasa ma'aikata za su iya zaman konkur, jarrabawar da in mutum ya ci, hannunsa ya kai. Sharaɗi biyu ne: kada a sami tabo a aikinka, kuma kada shekarunka su wuce iyaka. Kawu yana bakin iyakar. Zama ɗaya ya rage masa, in ya wuce shi ke nan har abada. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta lokacin ba. Ya sayi tabarau, ya aika aka kawo masa littattafai, da la'asar yana ƙarƙashin cediyar ƙofar gida yana karatu, furfura a gemu. Har ya je da kansa ya gaida mahaifina, ya ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan, benensa shi ne farkon abin da zai sa wa hannu.

To, sai maganar Jiratawa.

Mahaifiyar Kawu 'yar Jiratawa ce. Akwai wata ƙorama tsakanin unguwar danginta da hanyar Maraɗi, da rani yaro ma tsallake ta yake, da damina kuwa ta fi ƙarfin jaki. Mai unguwar ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, kuma irin taubasan nan ne da ba sa haɗuwa sai an yi tsiya. Bawana yake kiran Kawu, ko a gaban ma'aikata. Shi ya roƙi a yi musu 'yar gada. Kawu ya je ya auna, ya zana, ya aika Damagaram. Mutanen unguwa suka yi gayya suka tara dutse tsibi guda. Injiniyan ya tafi konje, wato hutu, ƙasarsu bai sa hannu ba. Wanda ya canje shi ya ce bai san zancen ba, a sake aikowa. Aka sake. Shiru. Dutsen nan ciyawa ta fito a kansa, ta bushe, wata ta sake fitowa. Duk ranar kasuwa taubashin sai ya biyo ta Tarabo ya ce, bawana, gadar taka a takarda za mu riƙa hawanta? Ka nuna mana inda za mu aza dutse kawai, mu da hannuwanmu. Kawu ya ce hannunsa bai kai ba, a jira.

Ana cikin jiran maciji ya sari ɗan taubashin, magidanci mai 'ya'ya, a gona. Aka ɗauko shi a kan gado za a kawo shi likita, aka tarar ƙorama ta cika ta batse. A bakin ruwan ya cika, mutane na tsaye da gadon a ka.

Ni na raka Kawu gaisuwa. Babu wanda ya faɗa masa baƙar magana, da ma an faɗa da ya fi sauƙi. Taubashin ya tashi ya ba shi buzu, ya gaishe shi da sannu da zuwa mushe, wato ranka ya daɗe na Faransanci, an gode da tattaki, kamar wani baƙon gwamnati. Babu bawana, babu tsiya. Muka dawo gari. Da zan sauke shi ya ce in tambaya masa ranar da za a fara ba ma'aikata hutun rani.

Hutun nan a Jiratawa ya yi shi. Mutanen unguwar suka sayar da taba da albasa suka sayi siminti da ƙarfe a kanti, raƙuma suka kai. Ya tsaya a kansu da kansa, kowane ƙarfe sai ya taɓa, kowane kwaɓi sai ya duba, ya rame ya yi baƙi. Na je na same shi na ce Kawu, konkur fa? Ya ce in rufe masa baki. Kafin ya taho ya tara dattawan unguwa ya roƙe su alfarma ɗaya, duk wanda ya tambaya wa ya yi gadar nan, su ce ba su sani ba. Suka yi alkawari, kuma Allah shaida sun riƙe shi. Babu wanda ya tambaye su suka faɗa.

Damina ta zo ta wuce, mutane da jakuna suna ta bi. Da aka yi kaka, injiniyan Damagaram ya iso Maraɗi rangadi, kuma a wannan zuwan ne zai sa sunan Kawu cikin masu zama konkur. Da hantsi ina wanke mota a filin Tarabo sai na ji kalangu. Na ɗaga kai. Taubashin ne a gaba, ya sha rawani da rigar da ba ya sawa sai da salla, dattawa na biye, ga rago an ja, ga damman gero a kan jakuna, ga maroƙi yana wasa Kawu tun daga bakin titi. Sun ji labari ubangidansa ya zo gari.

Ku da kuke karantawa kun san abin da ya kawo su, don kowannenmu haka zai yi. In yaro ya yi maka alheri, wurin ubansa kake zuwa. In bara ne, wurin ubangidansa. Ka je ka ce a taya ka godiya, don a san darajarsa a gida. Wanda bai yi haka ba shi ne butulu. A wurinsu alkawarin da suka ɗauka na tsegumi ne, kada su kai ƙara, kada su yi surutu a kasuwa. Godiya kuwa ai ba tsegumi ba ce. Shekara nawa ina neman wanda zan ɗora wa laifin ranar nan a cikinsu, na rasa, kuma rashin nan shi ya fi ƙona mini rai.

Nasara ya fito baranda yana murmushi, ya ɗauka tarba ce. Taubashin ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ka taya mu godiya. Yaronka ya yi muna gada, ta fi ƙarfin bakinmu." Tafinta, Allah ya saka masa, ya juya maganar ya ce sun zo gaisuwar kaka ne. Amma maroƙi yana ta nuna Kawu da sanda yana kwatanta gada da hannu, Nasaran kuma ba yaro ba ne. Ya tambaya wace gada. Tafinta ya fara kame-kame. Sai Kawu ya fito daga biro, ya tsaya gaban baranda, ya faɗa masa da Faransanci cewa shi ya yi ta, babu sa hannun kowa. Nasaran ya karɓi ragon, ya sa aka gode musu. Suka tafi da kiɗansu suna murna.

Washegari na kai su su biyu Jiratawa. Ina ta addu'a ya yi faɗa, ya yi zagi, a wuce wurin. Bai yi ba. Ya bi ta kan gadar, ya sauka ƙarƙashinta, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce shi bai ce aikin ba shi da kyau ba, kuma ba zai ce yana da kyau ba, don ƙarfen yana cikin siminti, babu mai izini da ya gan shi kafin a rufe. Ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ya ba Kawu zaɓi. Ko a rushe ta a sake ginawa bisa ƙa'ida, a manta da zancen, sunansa ya shiga konkur. Ko a bar ta a rubuta aikin 'yan ƙauye ne da gwamnati ba ta sani ba, shi kuma a rubuta masa tabo. Kawu ya tambaya in an rushe yaushe za a sake. Nasaran ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan sai abin da Yamai ta ce. A lokacin wata mata ta zo wucewa da tulu a ka da goyo, suka matsa mata ta wuce. Kawu ya ce a bar ta.

Haka sunansa bai shiga konkur ba. Aka ɗauke shi daga awo da zane, aka ba shi makullin siton siminti. Littattafan ya ba wani yaro ɗan lakwal, tabarau ya ajiye. Benen mahaifina ba a yi shi ba har ya bar duniya.

Na same shi a siton na ce masa wannan Nasara azzalumi ne, Allah ya isa. Ka san abin da ya ce mini? Ya ce da shi ne a kujerar, haka zai yi. Na ce Kawu, kai fa ka san ƙarfen nan, da hannunka ka ɗaura shi! Ya ce shi ya sani, amma sanin mutum ɗaya a cikinsa ba shi ne shaida ba, in aka buɗe wannan hanya gobe wanda bai sani ba ma zai ce ya sani. Wallahi ranar nan da ba kawuna ba ne da na faɗa masa magana. Na ce to bari in je Jiratawa in gaya musu abin da godiyarsu ta jawo. Nan ne kawai na ga ya fusata. Ya ce in na kuskura, babu ni babu shi, duniya da lahira. Ya bi duk gidan ya gargaɗi kowa.

Su kuwa can, da labari ya kai musu an ba shi makulli, sai suka yi guɗa. A ganinsu an ɗaga shi. Da yana yawo a rana da igiya, yanzu ga shi a inuwa, ga kujera, dukiyar gwamnati duk a hannunsa. Shekara da shekaru yana zaune a wurin, samarin da ya koya wa riƙon igiya suka je suka ci konkur suka dawo, suna aiko masa da takarda ya fitar musu da siminti. Yakan tashi tsaye in sun shigo. Yanzu ana ta zancen Nasara sun kusa tafiya, kowa na lissafin kujerar da zai hau, shi ko a baki ban ji ya sa zancen ba.

Ana saura kwanaki ya rasu, taubashin ya zo dubiya a kan jaki, ya tsufa tukuf, ido ɗaya ya tafi. Tun daga zaure yake kiran ina bawana, ya kwanta ne don kada ya yi mini noma? Kawu ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce a shigo da tsohon banza. Suka yi ta tsiya, ina zaune bakin ƙofa. Can tsohon ya matso, ya kama hannunsa ya ce akwai abin da ya daɗe yana so ya tambaya. Ya ce su talakawa ne, ba su da abin biyansa, abin da suka iya ke nan suka yi.

"Zuwan nan da munka yi wurin Nasara, ya yi maka amfani kuwa?"

Kawu ya dube ni, irin kallon da na sani. Sannan ya juya wurinsa.

"Ya yi, ƙwarai. Allah ya saka muku."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya, ya shafa fuska ya ce alhamdu lillahi, yanzu ko yau ya mutu ba shi da nauyi. Ni na tashi na fita, na ce zan ba jakin ruwa.

Allah ya gafarta wa kawuna, ya yalwata kabarinsa, ya karɓi aikinsa a inda ba a tambayar takardar Faransa. Tsohon nan yana nan da rai, ya zo gaisuwa ya koma. Duk wanda ya karanta wannan, na haɗa shi da Allah, kada ya kai zancen Jiratawa.